Me ya sa bakteriyata ke haske a ruwan da babu guba?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Don Allah ina neman wanda zai leƙa mini wani abu kafin na kai wa malamin da ke duba aikina. Aikin digirina na biyu a kan bakteriyar E. coli ne, wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado don ta riƙa ba da alama in akwai gubar arsenik a ruwa. Ban shiga ɗakin gwaji ba tukuna, a kwamfuta nake komai. Tsarin sananne ne: furotin ArsR yana zaune a bakin furomota, wato ɓangaren DNA da ke kunna ƙwayar gado, ya toshe ta, in arsenik ya shigo ya maƙale masa sai ya saki DNA, bakteriyar ta fara yin furotin mai suna GFP da ke ba da koren haske. To a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, maikirogiram 10 a lita guda, hasken ba ya da ƙarfi. Shi ne na ƙara masa amfilifaya: furomotar ta fara yin wani furotin mai kunnawa, shi ya kunna GFP, ya kuma dawo ya ƙara kunna kansa. Da na yi lissafin ODE, wanda ke bin matsakaicin yawan sinadarai ba tare da dace ba, komai ya fita tsaf, babu arsenik babu haske. Amma da na sa shi a lissafin Gillespie, na ƙila-wa-ƙala mai bin kowace ƙwayar bakteriya ita kaɗai, sai na ga wasu ƙwayoyin suna kunnawa alhali ban sa arsenik ko ɗigo ba, kuma in sun kunna ba sa komawa. Kod ɗina ne ya samu matsala, ko haka abin yake?

Abba:
Wa alaikumus salam Yaya Hauwa'u. Da me kika rubuta? In Python ne turo mini na gani. Yawanci a wajen zaɓen riyakshan ake yin ɓarna.

Hauwa'u:
Python ne. Amma na sake gina shi a COPASI, manhajar lissafin riyakshan, shi ma haka ya ba ni.

Abba:
To in COPASI ma ya ce haka, ni na janye.

Injiniya Bashir:
Ni tambayata ta gaba da wannan ce. Me ya kai ki lissafin ƙila-wa-ƙala tun farko? Ba ƙwaya ɗaya za ki sa a ruwan rijiya ba. Mililita ɗaya ta ruwan kiwon bakteriya tana iya ɗaukar ƙwaya miliyan 100. In kowace tana hayaniyarta ita kaɗai, hayaniyar taron tana raguwa da tushen adadinsu, wato a nan ta ragu sau 10,000. Abin da idonki ko na'urarki za ta gani matsakaici ne, matsakaici kuwa aikin ODE ne. Mu a lantarki haka muke yi da sigina kullum. Ki rubuta ODE ɗinki ki kammala ki huta, kada ki jawo wa kanki ƙarin zango.

Anti Binta:
Ku yi haƙuri, ni malamar bayoloji ce a sakandare, lissafina ya tsaya tun zamanin da. Wace ce wannan hayaniya da kuke faɗa? Bakteriyar nan ba duk 'ya'yan uwa ɗaya ba ne, gadonsu iri ɗaya? Me zai sa wata ta yi haske wata ta ƙi?

Dakta Aminu:
Malama Binta, tambayarki ce ginshiƙin maganar, bari na fara da ita kafin na je kan Injiniya.

Girman ƙwayar E. coli kusan femtolita ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan biliyan na lita. A irin wannan ɗan wuri, nanomola ɗaya (ma'aunin yawan sinadari a ruwa) na kowane sinadari bai cika molekul ɗaya ba ma, 0.6 ne. Yanzu ɗauki ma'aunin da Hauwa'u ta kawo. Maikirogiram 10 na arsenik a lita ya yi kusan nanomola 133, wato atom kamar 80 a wuri mai girman bakteriya guda. In gubar dalma ce a ma'auni ɗaya, atom 30 ma ba su cika ba, domin dalma ta fi nauyi. Furotin masu toshe furomota su ma ba su da yawa. Na tsarin lac, wanda E. coli ke cin sukarin madara da shi kuma aka fi nazari a duniya, kusan 10 ne kacal a ƙwaya. Ita kuwa mRNA, kwafin saƙon DNA da ake ƙera furotin da shi, 'yan mintoci take yi ta lalace, kuma sau da yawa ƙwaya tana da kwafi ɗaya ko biyu ko babu ma.

In abu ya yi ƙanƙanta haka, dace ne ke mulki. Mai shago a lungun Yakasai da ke samun masu saye 10 a yini, yau ya ga 6 gobe ya ga 14, ba wanda ya yi masa asiri. Ɗan Kantin Kwari da mutum 10,000 ke giftawa ta layinsu, bambancin yau da gobe bai wuce ɗaya cikin 100 ba. Ƙa'idar ke nan: kaucewa daga matsakaici tana tafiya da ɗaya bisa tushen adadi. A 10 kusan kashi 32 cikin 100 ne, a 100 kashi 10, a 10,000 kashi 1.

An ga wannan da ido. A 2002 Michael Elowitz da abokan aikinsa suka sa furotin masu haske kala biyu a E. coli ɗaya, kowanne a ƙarƙashin furomota iri ɗaya sak. Da komai a tsare yake, da kowace ƙwaya ta fito da launi ɗaya na haɗin biyun. Sai hoton ya fito dabbare-dabbare, wata ta rinjayi wannan kala, maƙwabciyarta ta rinjayi wancan.

Anti Binta:
Ikon Allah. To mu da muke zana wa yara DNA zuwa RNA zuwa furotin da kibiya miƙaƙƙiya a allo, ashe hanyar da gargada. Na gode Dakta, Allah ya ƙara sani.

Injiniya Bashir:
Allah ya gafarta Malam, duk na yarda da wannan, amma bai taɓa maganata ba. Ban ce ƙwaya ɗaya ba ta hayaniya ba. Cewa na yi in an tara miliyan 100 hayaniyar ta narke.

Dakta Aminu:
Tana narkewa in amfilifayar miƙaƙƙiya ce, abin da ya shiga a ninka shi da adadi ɗaya ya fita. Ta Hauwa'u ba haka take ba. Ga misali mai sauƙi. A ce abin da ke fita shi ne abin da ya shiga a ninka shi da kansa, kamar yadda ake samu in sai furotin biyu sun haɗu kafin su kunna furomota. Ƙwaya biyu, ɗaya tana da furotin 0, ɗaya tana da 10. Mai ODE zai ce matsakaici 5, ya ninka ya samu 25. Amma ƙwayoyin kansu, ta farko ta ba da 0, ta biyu ta ba da 100, matsakaicinsu 50. Ka ga matsakaicin kansa ne ya kauce, ninki biyu. Ko ƙwaya biliyan ka tara ba za ka dawo 25 ba.

Wannan ma ƙarami ne. Babban shi ne furotin da ke kunna kansa. Irin wannan tsari yana iya samun mazauni biyu, na kashe da na kunne, da tudu a tsakani. ODE in ka fara shi a kashe zai zauna a nan har abada, don babu abin da zai tura shi. Ƙwaya ta gaske kuwa wata rana ArsR zai saki DNA na ɗan lokaci ba tare da arsenik ba, a yi sa'a a fitar da mRNA ɗaya, ita kuma ta haifi furotin da yawa a tashi ɗaya kafin ta lalace. In sun isa haye tudun, shi ke nan, ta kunna kuma ta riƙe kanta. 'Ya'yanta ma su gaji furotin ɗin su taso a kunne. Novick da Weiner sun nuna irin wannan a tsarin lac tun 1957: abin da ake ɗauka rabin kunnawa ne a kwalba, ashe wasu ƙwayoyin ne suka kunna gaba ɗaya, sauran ko motsi ba su yi ba.

Saboda haka Hauwa'u, ba na zaton kod ɗinki ne. Abin da kika gani shi ne sakamakon da ya kamata ki gina babi guda a kansa.

Hauwa'u:
Alhamdu lillah, hankalina ya ɗan kwanta. Amma Malam, in haka ne ai duk daɗewar kwalba a ajiye yawan masu haske ƙaruwa zai yi, ko da ruwan Zamzam aka zuba.

Dakta Aminu:
Haka ne. Shi ya sa tambayarki ta canza. Daina tambayar hasken nawa ne a ƙarshe. Tambayi wannan: a awa ta nawa ne kwalba mai maikirogiram 10 ta fi rabuwa da kwalbar da babu komai? Akwai taga. Kafin ta, duka biyun duhu. Bayan ta, duka biyun haske. Faɗin tagar nan shi ne darajar na'urarki, kuma ODE ba zai ba ki shi ba.

Injiniya Bashir:
To a nan mun haɗu, amma ta wata ƙofa. Abin da Dakta ya bayyana mu makulli muke ce masa, ba amfilifaya ba. Makulli kuwa ba a awo da shi. Ni a ganina cire zagayen nan na kunna kai ya fi, a jera matakai biyu ko uku a miƙe, kowanne ya ƙara ƙarfi ya miƙa wa na gaba. In an yi haka maganata ta farko ta dawo.

Dakta Aminu:
Ta dawo rabi. Misalin 25 da 50 yana nan daram ko babu zagaye.

Abba:
Anti Binta ta tambaye ni a gefe wai mene ne shi Gillespie ɗin, bari na amsa a nan ko wani zai ƙaru. Daniel Gillespie masanin kimiyyar fiziks ne ɗan Amurka, ya fitar da hanyar a 1976 da 1977. Maimakon ka ce furotin yana ƙaruwa kaza a minti, sai ka ƙirga molekul ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ka jera duk abubuwan da za su iya faruwa: ArsR ya kama DNA, ya saki, a yi mRNA, ta lalace, a yi furotin, da sauransu. Kowanne yana da nauyinsa gwargwadon yawan abin da ke wurin yanzu. Ka tara nauyin duka. Sai kwamfuta ta jefa ƙuri'a biyu. Ta farko ta faɗi tsawon jiran kafin abu na gaba ya faru, in jimillar nauyin ta yi yawa jiran gajere ne. Ta biyu ta zaɓi wanne ne ya faru, mai nauyi ya fi samun dama. Ka gyara ƙirga, ƙari ɗaya ko ragi ɗaya, ka koma farko. Zagaye ɗaya har ƙarshe tarihin ƙwaya ɗaya ne. Sai ka maimaita dubbai kafin ka ga yadda taron yake.

Wahalarsa ita ce in GFP ya kai dubbai, riyakshan suna yawa, agogon lissafin ya koma tafiyar hawainiya. Laftof ɗina fanka na ihu ana cikin haka a ɗauke wuta. Yaya Hauwa'u ki riƙa adana sakamako a fayil bayan kowace ƙwaya 100, kada ki jira ƙarshe. Kuma shi Gillespie ɗin ya kawo wata gajeriyar hanya a 2001 da ke tsallake riyakshan da yawa a taku ɗaya. Ki yi amfani da ita a ɓangaren GFP kawai, ki bar ArsR da mRNA a kan ta asali, tunda can ne ƙirgar ke da ƙanƙanta.

Nura Sharaɗa:
Ni ina ta karatu ina shiru, amma bari na zuba muku ruwan sanyi. Arsenik matsalar Bangaladash ce da Indiya da Biyetnam, can ne miliyoyi ke shan sa a rijiyar burtsatse. Mu a Kano wa ya ce muku shi ne ciwonmu? Ku zo Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ku ga kalar ruwan da ke bin magudana daga wuraren jima. Kuromiyam ne. Ku bi Jakara ku ga masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo da abin da ya gangaro daga gari. In kuma dalma ake magana, Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu, kuma mafi yawan gubar daga ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta fito, ba daga randa ba. Me ya sa ɗalibanmu kullum sai su ɗauko ciwon wasu su yi masa magani?

Hauwa'u:
Yaya Nura maganarka gaskiya ce, kuma na yi tunaninta. Dalilina shi ne lissafi yana buƙatar alƙaluma: saurin kama DNA, saurin saki, yawan furotin. Na ArsR an fi auna su, an kuma gwada na'urorinsa a fili. Rukunin Jan Roelof van der Meer na Jami'ar Lozan a Suwizalan sun kai irinsu rijiyoyin Biyetnam. In na gina tsarin a kansa ya tsaya, canza kan na'urar abu ne mai yiwuwa. Kan shi ne furotin da ke jin gubar: akwai PbrR na dalma daga bakteriyar Cupriavidus metallidurans, akwai ChrB na kuromiyam daga Ochrobactrum tritici, wanda masu bincike a Jami'ar Koyimbira ta Fotugal suka yi aiki da shi.

Nura Sharaɗa:
To kafin ki canza kan, ki san abu biyu. Na ɗaya, jimar zamani da kuromiyam mai caji uku ake yi, shi kuwa ChrB mai caji shida yake ji, wanda ya fi guba. Sai ki tsoma bakteriyarki a ruwan da ya yi shuɗi-shuɗi da kuromiyam ta ce miki lafiya lau. Ba ƙarya ta yi ba, amma mai lambu zai fassara shi da cewa ruwan ba komai. Na biyu, mai caji shidan ta ƙofar salfet yake shiga ƙwaya, ruwan jima kuwa cike yake da salfet da gishiri. Za su yi turereniya a ƙofa ɗaya. Wannan yana cikin lissafinki? Majeman cikin gari masu aiki da bagaruwa ba su da wannan matsalar, tasu daban ce, wari da toka.

Dakta Aminu:
Nura ya kawo abin da ya fi ƙarfin muhawarata da Injiniya. Hayaniya iri biyu ce, kuma rarrabe su ne ainihin abin da gwajin 2002 ɗin nan ya yi. Akwai wadda ke tasowa daga ita kanta furomotar, akwai wadda ke zuwa daga waje ta taɓa komai tare. Zafi, gishiri, shekarun ƙwayoyin, yadda aka adana su, waɗannan duk kwalbar suke kaɗawa gefe ɗaya, yawan ƙwaya ba ya rage su ko kaɗan. E. coli digiri 37 take so. A Afrilu Kano tana haura 40, da asubar hunturu kuma tana sauka ƙasa da 15. Na'ura ɗaya, ruwa ɗaya, amsa biyu. Hauwa'u, abu mai sauƙi da za ki yi: kafin kowane rukunin gwaji ki bar kwamfuta ta ɗan girgiza alƙaluman saurin riyakshan duka tare, ki ga ko tagar da muka yi magana tana nan a wurinta.

Injiniya Bashir:
Maganin wannan a wurinmu tsoho ne: kada ka yarda da awo ɗaya tilo. A kowane gwaji a sa kwalba uku, ta ruwa mai tsabta, ta ruwan da aka san yana da maikirogiram 10 daidai, da ta ruwan da ake tuhuma. Zafin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka.

Nura Sharaɗa:
Zafi ya taɓa duka, amma salfet yana cikin kwalba ɗaya ce kawai. Sai dai a raba ruwan da ake tuhuma biyu, a ƙara wa rabi gubar da aka san adadinta, a ga ko hasken ya ƙaru yadda ya kamata. Haka muke yi a na'urar AAS ta auna ƙarafa in muna zargin ruwa na danne sakamako.

Injiniya Bashir:
Kwalba huɗu ke nan. Na karɓa.

Hauwa'u:
Ina ta rubutawa wallahi. Malam, saura abu ɗaya da ke ɗaure mini kai. Na karanta aikin rukunin Baojun Wang na Jami'ar Edinbura da ya fito a 2019. Su matakai suka jera kamar yadda Injiniya ya ce, ɗaya daga ciki da furotin HrpR da HrpS na Pseudomonas syringae. Amma abin da suka fara yi shi ne rage yawan ArsR a ƙwaya, don arsenik kaɗan ya isa ya buɗe furomotar. To in an rage ArsR ai an koma shagon Yakasai ke nan?

Dakta Aminu:
Kin kama bakin zaren. Ji da sauri yana son 'yan furotin ArsR kaɗan, natsuwa tana son masu yawa, kuma ba ki da hanyar samun duka biyun kyauta. In kin lura su ma sai da suka nemi dabarar rage hasken da ke yoyo in babu guba, har da sa wani furotin ya riƙa cinye abin da ya zubo. Mutanen van der Meer tun 2003 wata hanya suka bi, suka ƙara wa ArsR wurin zama na biyu tsakanin furomotar da ƙwayar gadon da ke ba da alamar don toshewar ta ƙara ƙarfi.

Akwai maɓallai biyu da za ki iya murɗawa a kod ɗinki yau da daddare. Na farko, girman tashin da mRNA ɗaya ke yi. Furotin 50 za ki iya samunsu daga mRNA 1 mai haihuwar 50, ko daga mRNA 10 masu haihuwar 5 kowace. ODE zai ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kusa, na farkon shi ke cilla ƙwaya ta haye tudu. An nuna haka a Bacillus subtilis a 2002, cewa hayaniya ta fi bin ƙarfin fassara mRNA zuwa furotin fiye da yawan yin ta. Don haka ki raunana wurin da ribosom, injin ƙera furotin, ke kama mRNA ɗin furotin mai kunnawa, ki ga yadda ƙaryar haske za ta ragu. Na biyu, a halittarsa ArsR yana toshe furomotar da ke yin sa shi kansa. Irin wannan zagaye mai danne kai rage hayaniya yake yi, Becskei da Serrano sun auna hakan a 2000. In kin ɗauke ArsR kin mayar da shi ƙarƙashin furomota mai aiki kullum don ki sarrafa yawansa, kin samu abu kin rasa abu. Gwada duka biyun ki zana su a hoto ɗaya.

Anti Binta:
Ni fa damuwata daban. A ce an gama an yi nasara. Wa zai ba mai ga-ruwa a Ɗorayi kwalbar bakteriyar da aka sauya wa halitta? In ya gama ya watsar a kwata fa?

Nura Sharaɗa:
Shi ma abin dubawa ne Anti. Tun 2015 akwai dokar da ta kafa hukumar NBMA, duk abin da aka sauya wa gado sai da izininta. Ga kuma adanawa, sai an busar da ƙwayoyin cikin sanyi an rufe, in ba haka ba firji suke so, firji kuwa wuta yake so.

Abba:
Akwai masu cire kayan cikin ƙwayar su busar a kan takarda, babu wani abu mai rai a ciki. Rukunin James Collins sun nuna hakan a 2014. Ɗigon ruwa ne ke tashe shi.

Injiniya Bashir:
Kuma a kan takarda babu bangon da ya raba ƙwaya da ƙwaya, komai a gauraye yake cikin ɗigo ɗaya. ODE ɗina ya dawo da ƙarfinsa. Dakta ka yarda?

Dakta Aminu:
A kan takarda na bar maka. Amma yarinyar nan da ƙwaya mai rai ta yi rajistar aikinta, kada ka sa ta canza take a zangon ƙarshe.

Hauwa'u:
A'a Malam, ba inda za ni. Abba na tura maka fayil ɗin, duba layin da ƙwaya ke rabuwa biyu. Yanzu rabi da rabi nake raba furotin daidai, kuma da wannan bayanin na Malam ina zargin shi ma ƙuri'a ya kamata a jefa wa kowane furotin, ya bi wannan 'ya ko waccan.

Abba:
Ya shigo. E, ƙuri'a za ki jefa, layi ɗaya ne a numpy na Python. Amma kin bar girman ƙwayar a tsaye daga haihuwa har rabuwa, shi ma sai an taɓa. Bari na yi sallar isha'i na dawo kansa, in wuta ta kai mu.